Lambar Gata a Gasar Tanis da Cacar da Ake Yi a Kanta: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya saba kallon Wimbledon ko Roland Garros ya san 'yar lambar nan da ake maƙalawa a jikin sunan wasu 'yan wasa a allo: wannan 1, wancan 14, wani kuwa sunansa ne kawai babu komai a gefe. Masu buga bet da yawa ita kaɗai suke dubawa, da sun ga ƙaramar lamba sai su ce magana ta ƙare. Tambayoyin nan a kanta suke, da yadda take shafar farashin da kamfanonin caca ke yankawa, wanda 'yan bet ke kira od.

Mece ce lambar, kuma me ya sa ake ce mata ta gata?

Turawa sidin suke cewa, daga shukar iri. Manomi ba ya zube irinsa a rami ɗaya, warwatsa shi yake yi a gona. Haka masu shirya gasa suke warwatsa gwanaye a sassan jadawali, don kada biyu daga cikinsu su gwabza tun ranar farko, ɗaya ya tattara komatsansa, 'yan kallo su watse tun mako bai zagayo ba. Ko a dandalin dambe ai ba a buɗe fage da karon manya, sai yamma ta yi.

Wanda aka ba lambar ya zama ɗan gata, domin an kare shi daga haɗuwa da tsaransa a farkon gasa. Wimbledon ta fara raba lambobin bisa cancanta a 1927. Tun daga lokacin amfanin gasar da na mai kallo aka duba. Ba wanda ya ƙirƙiro ta don ta yi duba ta faɗi mai cin kofi.

Wa ke raba ta, kuma da wane ma'auni?

Masu gasar ne ke rabawa, amma jerin gwanayen duniya suke bi. Na maza ƙungiyar ATP ce ke fitar da shi tun watan Agustan 1973, inda Ilie Nastase na Romaniya ya fara zama na ɗaya. Na mata kuwa WTA ce, tun 1975, da Chris Evert a kan gaba. Jerin yana tara makin da ɗan wasa ya samu ne cikin makonni 52 da suka wuce. Wanda ya ci ɗaya daga manyan gasa huɗu, wato ta Ostareliya, ta Faransa (Roland Garros), Wimbledon da ta Amurka, yana samun maki 2,000. Gasar Masters, wadda ke bin manyan huɗun a daraja, kuma 1,000 ce. Idan shekara ta zagayo makin bara su zube, sai abin da ka samo bana.

A nan gizo ke saƙar. Maki 2,000 da mutum ya ci watanni goma sha ɗaya da suka wuce, nauyinsu ɗaya da wanda wani ya ci jiya. Jerin bai san wanda gwiwarsa ke ciwo ba, bai san wanda ya sallami kocinsa ba, kuma makin da aka samu a jar ƙasa da na kan ciyawa duk kwando ɗaya yake zuba su.

Yaya ake jera masu lambar a jadawali?

A manyan gasa huɗu gurbi 128 ne, kuma sai mutum ya ci wasa bakwai a jere zai ɗaga kofi. Galibi mutum 104 suna shiga kai tsaye da matsayinsu, 16 su fito daga wasannin share fage, 8 kuma a ba su gayyatar alfarma. Cikin waɗannan, 32 ne ke da lamba.

Mai lamba 1 a rubuta shi a layin farko na sama, mai lamba 2 a layin ƙarshe na ƙasa, ta yadda ba za su haɗu ba sai a wasan ƙarshe. Na 3 da na 4 ƙuri'a ake jefawa a ga wanda zai faɗa rabin sama da wanda zai faɗa rabin ƙasa. Mutane da yawa suna zaton dole na 1 ya haɗu da na 4 a wasan kusa da na ƙarshe, to a tanis ba haka ba ne, yana iya zama na 3. Sauran ma rukuni-rukuni ake jefa musu ƙuri'a. Mai lamba ba ya haɗuwa da mai lamba sai zagaye na uku, kuma a can na 1 zuwa 8 da na 25 zuwa 32 suke karawa. A zagaye na huɗu, idan kowa ya tsallake, na 1 zuwa 4 su haɗu da na 13 zuwa 16. A kwata fainal manyan huɗun su gamu da na 5 zuwa 8.

Sauran mutum 96 kuwa duk inda ƙuri'a ta jefa su nan suka faɗa.

Ashe lambar gata da matsayin duniya ba abu ɗaya ba ne?

Kusan ɗaya ne, amma suna rabuwa. Mafi sauƙin dalili shi ne rashin zuwan wani. A Wimbledon ta 2022 an hana 'yan Rasha da Belarus shiga saboda yaƙin Yukren, don haka Daniil Medvedev, na ɗaya a duniya a lokacin, bai je ba. Alexander Zverev na biyu yana jinyar idon sawu. Sai Novak Djokovic ya ɗauki lamba 1, Rafael Nadal lamba 2, alhali su ne na uku da na huɗu. Shekarar 2022 ɗin ta ƙara hargitsa lissafi, domin ATP da WTA sun janye makin gasar gaba ɗaya. Djokovic ya ci kofin amma ya gangaro zuwa na bakwai a duniya. Elena Rybakina ta ci na mata ba ta samu ko maki ɗaya ba, sai ta ci gaba da shiga gasanni da lambar da ba ta kai ƙarfinta ba. Duk wanda ya dogara da lamba a watannin da suka biyo baya, da ƙarya aka ciyar da shi.

Akwai kuma lokacin da masu gasa ke sa hannu da kansu. Daga 2002 zuwa 2019 Wimbledon tana da nata lissafin a ɓangaren maza, inda take ƙara wa mutum maki gwargwadon abin da ya yi a kan ciyawa cikin shekara biyu. Shi ya sa a 2019 aka ba Roger Federer lamba 2, Nadal lamba 3, duk da Nadal ne na biyu a duniya. Nadal ya yi ƙorafi, suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe, Federer ya yi nasara. Daga 2021 an daina wannan lissafi.

Labarin Serena Williams a 2018 ma ya isa misali. Ta dawo daga haihuwa matsayinta ya zube warwas. Gasar Faransa ta ƙi ba ta lamba. Bayan 'yan makonni Wimbledon ta ba ta lamba 25 alhali tana ƙasa da ta 180 a duniya, ta kuwa je har wasan ƙarshe kafin Angelique Kerber ta doke ta.

Kamfanonin caca da lambar suke yanka od?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Lambar gata a bainar jama'a take, kowa ya gan ta, ɗan shekara goma ma zai iya karanta ta a waya. Abin da kowa ya sani ba ya ba ka fifiko a kan kamfanin da ya ɗauki ma'aikata da kwamfutoci don wannan aiki kaɗai.

Su abin da suke aunawa ya fi lamba zurfi: yadda mutum yake yi a irin filin da za a buga, sakamakonsa na 'yan makonnin nan, kashi nawa na maki yake ci idan sabis na hannunsa da idan na abokin karawa ne, tarihin haɗuwar su biyun, ciwo, gajiya idan ya yi awa huɗu a fili shekaranjiya. Masu lissafi da yawa suna amfani da ma'aunin Elo, wanda aka aro daga wasan ches, domin shi yana duba waye ka doke, ba zagayen da ka kai kawai ba. Bayan duk wannan, kuɗin da mutane ke zubawa yana ci gaba da motsa farashin har a fara wasa.

Shi ya sa za ka ga mai lamba 20 zai kara da marar lamba, amma marar lambar ne od ɗinsa ya fi ƙanƙanta. Sabon shiga sai ya ce kamfani ya yi kuskure, ga banza ta faɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Kusan kullum akwai abin da suka gani wanda lambar ta ɓoye.

Karanta od ba wuya. Raba 100 da shi, ka samu kason da kamfani ya ba mutumin. Od 2.00 kashi 50 ke nan cikin ɗari, od 1.25 kashi 80. Idan an ba wani 1.10, abokin karawarsa 7.00, na farko ya tashi kusan kashi 91, na biyu kusan kashi 14. Haɗa su, ka ga 105 maimakon 100. Biyar ɗin nan da ta hau ita ce ribar kamfani, kuma tana nan ko wa ya ci.

Me ya sa ake ta maganar irin fili?

Domin tanis kusan wasa uku ne da suna ɗaya. A jar ƙasa, irin ta Paris, ƙwallo tana tafiya a hankali tana tashi sama, musayar bugu ta yi tsawo, mai juriya ya ci riba. A ciyawar Landan ƙwallo sulɓewa take ƙasa-ƙasa, mai sabis mai ƙarfi ya zama dodo. Daɓen Melbourne da na New York suna tsakani.

Nadal ya ci Roland Garros sau 14, wasa 112 ya yi nasara a can, huɗu kacal ya faɗi. A 2017 da lamba 4 ya shiga, ya ci kofin ba a karɓe masa set (wato ɗaya daga sassan da ake raba wasa) ko ɗaya ba. A 2022 lamba 5 gare shi, Medvedev kuwa lamba 2, amma ba mai hankalin da ya sa Medvedev gaba da shi a jar ƙasa, ganin cewa daga 2017 zuwa 2020 shekara huɗu a jere a zagayen farko ake fitar da shi a Paris. Shi wannan Nadal ɗin, da aka koma ciyawa, daga 2012 zuwa 2015 shekara huɗu a jere 'yan wasan da ke na 100 ko ƙasa da haka ne suka kore shi daga Wimbledon: Lukas Rosol, Steve Darcis, Nick Kyrgios da Dustin Brown. Kada a ruwa sarki ne, a tudu kuwa sai yadda aka yi da shi.

Mu ma muna da namu tarihin a wannan babi. A Wimbledon ta 1983 Nduka Odizor na Nijeriya, ba shi da lamba, ya haɗu da Guillermo Vilas na Ajantina mai lamba 4 a zagayen farko. Vilas gwanin jar ƙasa ne. Ya ci set biyun farko, Odizor ya farfaɗo ya cinye ukun da suka rage, ya wuce har zagaye na huɗu. Wanda ya tsayar da shi a can, Chris Lewis na New Zealand, shi ma ba shi da lamba, kuma sai da ya kai wasan ƙarshe.

Sau nawa marar lamba ke cin babbar gasa?

A ɓangaren maza abin ya yi wuya ƙwarai. Boris Becker ya yi a Wimbledon ta 1985 yana ɗan shekara 17, Andre Agassi a Amurka a 1994, Gustavo Kuerten a Faransa a 1997 yana na 66 a duniya, Gaston Gaudio a Faransa a 2004. Bayan Gaudio sai aka shiga zamanin Federer, Nadal da Djokovic, waɗanda su uku suka kwashe manyan kofuna 66.

A ɓangaren mata ƙofar ta fi buɗewa. Kim Clijsters ta ci gasar Amurka a 2009 da gayyatar alfarma bayan ta dawo daga ritaya. Jelena Ostapenko da Sloane Stephens duk a 2017 suka yi nasu. Iga Swiatek ta ci Faransa a 2020 tana ta 54, Barbora Krejcikova ta biyo baya a 2021. A shekarar ce Emma Raducanu, ta 150 a duniya, ta taso daga share fage ta ci wasa goma a New York ba ta zubar da set ba. Sai Marketa Vondrousova da ta doke Ons Jabeur ta Tunisiya a wasan ƙarshe na Wimbledon a 2023.

Babban dalilin bambancin tsawon wasa ne. A manyan gasa maza sai wani ya ci set uku cikin biyar, mata kuwa biyu cikin uku. Tazarar da ke tsakanin gwani da na ƙasa da shi a kowane maki 'yar kaɗan ce. Federer da kansa ya faɗa a wani jawabi a 2024 cewa ya ci kusan kashi 80 na wasanninsa, amma kashi 54 kacal na makin da ya buga. Irin wannan 'yar rata tana buƙatar lokaci kafin ta nuna kanta. Idan wasa gajere ne, awa ɗaya ta sa'a ta isa a kayar da babba. Idan dogo ne, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wannan ma kamfanoni sun sani, shi ya sa od ɗin babban ɗan wasa a manyan gasa huɗu ya fi na ƙaramar gasa matsewa, ko da abokin karawar ɗaya ne.

Idan na tara manyan masu lamba goma a tikiti ɗaya a zagayen farko, ai kamar kuɗi a aljihu ne?

Wannan ita ce dabarar da ta fi cinye kuɗin mutane, don haka bari mu yi lissafin a fili. A ɗauka kowannensu od 1.10 ne. Goma a haɗe sun ba da kusan 2.59, wato naira 1,000 ta dawo 2,590. A ɗauka kuma, don misali, kowanne yana da damar cin wasansa kashi 88 cikin ɗari, wanda ba ƙaramin rinjaye ba ne. Damar dukkan goman su tsallake tare ba ta kai kashi 28 ba. Ma'ana, cikin tikiti huɗu irin wannan kusan uku za su yanke. Idan ka yi ta maimaitawa, kowace 1,000 da ka zuba kimanin 720 ce ke dawowa. Ribar kamfani a wasa ɗaya ƙarama ce, amma kowane wasa da ka ƙara a tikiti ninka ta kake yi.

Kuma zagayen farko ba ya jin kunyar kowa. Lleyton Hewitt ya zo Wimbledon a 2003 yana riƙe da kofin, da lamba 1, Ivo Karlovic da ya fito daga share fage ya sallame shi a ranar farko. Simona Halep mai lamba 1 ta faɗi a wasanta na farko a New York a 2018. A Wimbledon ta 2018 ɗin babu ɗaya daga cikin mata goma na farko da ta kai kwata fainal. Medvedev ya ci gasar Rum a kan jar ƙasa a 2023, mutane suka ce ya warke daga cutarsa, ya zo Paris da lamba 2, ɗan share fage Thiago Seyboth Wild ya fitar da shi a zagayen farko. A Wimbledon ta 2025 kuwa Coco Gauff, da ta ɗaga kofin Faransa makonni uku kafin nan, da Jessica Pegula da Zverev, duk a zagayen farko suka yi sallama.

Mene ne matsayin wannan caca a addini da doka?

A Musulunci ba a yi saɓani ba. Zuba kuɗi a kan sakamakon wasa caca ce, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri ɗaya. Sanin tanis ko iya lissafi bai canja hukuncin ba. A Nijeriya Kotun Ƙoli ta yanke a watan Nuwamban 2024 cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba, kuma a Kano Hisbah ta sha rufe shagunan bet. Inda doka ta yarda da ita ma, ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ya yi ba.

To a ina lambar take da amfani?

A wajen karanta hanya. Lambar ba ta gaya maka ƙarfin mutum yau, amma tana gaya maka su wa zai iya tararwa a gaba, kuma a wane zagaye. Shi ya sa farashin wanda zai ci kofi gaba ɗaya yake motsawa da zarar an jefa ƙuri'a, tun ba a buga ƙwallo ko ɗaya ba.

Dubi Roland Garros ta 2022. Saboda Nadal na da lamba 5, dole ya faɗa ɓangaren ɗaya daga manyan huɗu, ƙuri'a ta kai shi na Djokovic. Carlos Alcaraz mai lamba 6 da Zverev su ma rabin sama suka faɗa. Mutum ukun da aka fi sa wa rai, Djokovic, Nadal da Alcaraz, suka cunkushe a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya zama fili fetal, Casper Ruud mai lamba 8 ya bi ta nan ya kai wasan ƙarshe. Ruud bai fi Djokovic ba, hanyarsa ce ta fi sauƙi. Da ya iso gaban Nadal kuwa, 6-3, 6-3, 6-0 aka tashi.

Abu na biyu da masu bin tanis ke nema a ranar ƙuri'a shi ne inda manyan da ba su da lamba suka faɗa. Wanda ya yi doguwar jinya ana ba shi kariyar matsayi don ya samu shiga gasa, amma kariyar ba ta ba shi lamba, sai ya zama nakiya a cikin jadawali. Halep tana da lamba 2 a gasar Amurka ta 2017 ƙuri'a ta haɗa ta da Maria Sharapova a daren farko, ta faɗi. Zverev mai lamba 4 ya buɗe Roland Garros ta 2024 da Nadal, wanda karon farko ke nan ya zo Paris ba lamba. Zverev ya tsallake, amma ba irin zagayen farkon da gata ya yi masa alkawari ba ke nan. Akwai kuma masu lambar da ta yi musu kaɗan: Federer ya ci Ostareliya a 2017 da lamba 17 bayan jinyar wata shida, Djokovic ya ci Wimbledon a 2018 da lamba 12.

Ni a ganina wannan ilimi ya fi yi wa mai kallo amfani fiye da mai caca. Mai kallo zai san daren da ya kamata ya hana idonsa barci. Mai caca kuwa kafin ya gama karanta jadawalin, kamfani ya riga ya gyara farashinsa.

Me ke faruwa idan mai lamba ya janye bayan an jefa ƙuri'a?

Ya danganta da lokacin. Idan ya janye kafin a fitar da tsarin wasannin ranar farko, ana matsar da wasu masu lamba su cike gurbin. Andy Murray mai lamba 2 ya janye daga gasar Amurka ta 2017 bayan ƙuri'a, aka kai Marin Cilic wurinsa, Federer da Nadal suka ci gaba da zama a rabi ɗaya, ɗaya rabin kuwa Kevin Anderson mai lamba 28 ne ya fito daga cikinsa. Idan an riga an fitar da tsarin, sai a ɗauko wanda ya faɗi a share fage a sa shi a gurbin. Haka aka yi a Ostareliya a 2022 da aka kori Djokovic daga ƙasar kan rikicin bizarsa da allurar korona: Salvatore Caruso na Italiya ne ya zauna a layin mai lamba 1.

Game da tikiti, idan ba a fara wasa ba yawanci ana mayar da kuɗin wannan wasan. Idan an fara wani ya ji ciwo ya bari, kamfanoni sun sha bamban: wani da an buga maki ɗaya ya ɗauka wasa ya tabbata, wani sai an gama set guda, wani ya soke gaba ɗaya. Mutum biyu na iya zaɓar abu ɗaya a kamfani biyu, ɗaya a biya shi, ɗaya a mayar masa da uwar kuɗinsa kawai.

A ƙananan gasanni ma haka lambar take?

Ta fi rauni a can. A gasa mai gurbi 28 manyan huɗu ba sa buga zagayen farko, hutu ake ba su. Kamar gata ne, amma sau da yawa sai su fito da sanyin jiki su tarar da wanda ya riga ya yi wasa uku a filin, ya saba da iskar wurin. Ga kuma wanda ya shigo ƙaramar gasa ana saura mako a fara babba, hankalinsa na can, ba zai kashe kansa a nan ba. Har waɗanda aka ɗauko bayan sun faɗi a share fage sun taɓa cinye irin waɗannan gasanni: Andrey Rublev a Umag a 2017, Gauff a Linz a 2019.

Can ƙasa kuma akwai matsalar sayar da wasa. A 2007 a garin Sopot na Poland, Nikolay Davydenko na huɗu a duniya ya kara da Martin Vassallo Arguello na 87. Kuɗi suka yi ta kwarara a kan ƙaramin, har bayan babban ya ci set na farko, daga baya Davydenko ya bari saboda ciwo. Kamfanin caca na Betfair ya soke cacar kusan dala miliyan 7. Bincike ya wanke su biyun, amma lamarin ne ya kai ga kafa sashen sa ido a 2008, wanda ya zama hukumar ITIA a 2021. Yawancin waɗanda take kamawa 'yan ƙananan gasanni ne, inda kuɗin kyauta ba ya biyan kuɗin jirgi da masauki. A irin wannan wuri lamba 1 da lamba 8 ba su gaya maka komai.

Me ya sa 32, ba 16 ba?

Da can 16 ne. Gwanayen jar ƙasa sun daɗe suna kukan cewa kwamitin Wimbledon na danne su yana fifita masu iya ciyawa, har Alex Corretja da Albert Costa na Sifaniya suka ƙaurace wa gasar a 2000. Sulhun da aka yi shi ne a ninka lambobin zuwa 32 daga 2001, ta yadda duk wanda ke cikin 32 na farko zai samu, ko da an sauya masa wuri. A 2017 hukumar manyan gasa huɗu ta ce za ta koma 16 daga 2019 don zagayen farko ya ƙara zafi, domin a tsarin 16 na ɗaya a duniya na iya haɗuwa da na 17 tun ranar farko. Kafin lokacin ya zo ta janye maganar.

Gasar farko da aka gwada lambobi 32 ita ce Wimbledon ta 2001. Pete Sampras ne mai lamba 1, wani saurayi ɗan shekara 19 mai lamba 15, Roger Federer, ya fitar da shi a zagaye na huɗu. Kofin kuwa Goran Ivanisevic na Kuroshiya ne ya ɗauka, na 125 a duniya, wanda da gayyatar alfarma ya shigo. Ruwan sama ya tura wasan ƙarshe zuwa ranar Litinin, ya doke Pat Rafter mai lamba 3 da ci 9-7 a set na biyar.